A fitar da horon kariya daga ambaliya daga otal, a kai shi unguwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi tsokaci kan tarurrukan horarwa da ake shirya wa ma'aikatan gwamnati da wakilan al'umma a jihar Maradi game da ambaliya, fari da sauyin yanayi.

Maradi ba baƙuwar ruwa ba ce. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta cinye tsohon gari da ke cikin fadama, har aka tashi aka koma kan tudu. Ranar 30 ga Agusta 2024 kuma, ruwa kimanin milimita 150 ya sauka a birni cikin awa ɗaya da rabi, gidaje suka zube, aka yi asarar rayuka. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ke nan gida mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 ya karɓi lita 15,000 a wannan rana, wato tano 75. Wannan lissafi ya kamata ya zama darasin farko, don duk mai unguwar da ya ji shi zai fara tambayar ta ina ruwan zai fita.

Matsalar horon da ake yi ita ce lokaci, wuri da mutanen da ake gayyata. Sau da yawa sai damina ta kankama ake kiran taro, kwana uku a otal, da Faransanci, a raba takarda da kuɗin zama a watse. Wanda ya halarta ma'aikaci ne da za a iya canza wa wurin aiki gobe. Ko a watan Afrilun 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, kuma abin da tsofaffin suka koya ya tafi da su. Mai unguwa, limami, magini da ungozoma kuwa suna nan daram. Tsarin ma akwai shi: kwamitocin gargaɗin gaggawa na ƙauyuka da ake kira SCAP/RU, da kwamitin OSV mai sa ido kan halin da jama'a ke ciki a ƙaramar hukuma. Da yawansu a takarda kawai suke numfashi.

Mu a ganinmu, a yi horon tsakanin Maris da Mayu, da Hausa, a tsaye. A zagaya unguwa da ƙafa tare da dattawa, a shafa fenti a bango daidai inda ruwa ya tsaya bara, a rubuta gidajen ƙasa da ke kan hanyar ruwa da masu tsofaffi, naƙasassu ko masu juna biyu. A tsayar da makaranta ko masallacin da za a fake, a san wanda ke riƙe da makulli, a kuma gwada fita sau ɗaya da dare, domin ruwan da ke zuwa mutane na barci ya fi kisa. Kowane gida ya san lambar 'yan kwana-kwana, 18. Garuruwan bakin Gulbi daga Madarumfa zuwa Tsibiri da Gidan Rumji suna buƙatar sanda mai alamar santimita a bakin ruwa, da mutum guda mai waya da zai sanar da na ƙasa da shi. Ruwan Gulbi daga ƙasar Katsina yake gangarowa ta madatsar Jibiya, saboda haka yana iya cika ko da ba a ga hadari a nan ba.

Magina su ne aka fi mantawa da su, alhali rushewar gida ce ke kashe mutane da yawa. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa: ruwa ya kwanta a jikin bango, tubalin ƙasa ya jiƙe, nauyin soro ya danne shi. A koya musu ɗaga tushe da dutse ko siminti santimita 30 zuwa 40 sama da ƙasa, a tsawaita indararo ya zuba nesa da bango, a sabunta yaɓe kafin ruwan farko, a karkata tsakar gida zuwa ƙofa. Buhun yashi ma da ƙa'idarsa. Rabi ko kashi biyu cikin uku ake cikawa, a jera kamar tubali, na sama ya hau gaɓar na ƙasa. In an cika shi dam ba ya kwanciya, ruwa sai ya bi ta tsakani. Yashe magudanan ruwa kuwa aikin banza ne muddin aka tara leda da yashin a gefe, ruwan farko zai mayar da su.

Bayan ruwa ya janye sai amai da gudawa, saboda masai ya haɗu da rijiya. Ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs ta lita 20, guda ɗaya ake sakawa a bido, a jira minti 30. In ruwan ya gurɓace sai an tace shi da ƙyalle tukuna.

A gona abin ya fi sauƙi, don manomanmu malamai ne. A nan Maradi sassaben zamani ya samo asali tun shekarun 1980, kuma garin Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kai: a bar kututturen sabara, kalgo ko gawo, a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a sare sauran. Abin da ya rage shi ne ma'aunin ruwa a kowane gari, a daina shuka sai an samu aƙalla milimita 20, domin yayyafin farko yakan yaudari manomi iri ya ƙone a rami. A haɗa da irin gero mai saurin nuna kamar HKP, wanda cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ta san shi sarai. Masu haƙa ramin tare ruwa mai siffar rabin wata a faƙo su tuna bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, kusan 313 a hekta. Wanda aka juya baya ko kofi ɗaya ba ya tarewa.

Muna kira ga gwamna, kantomomi da ƙungiyoyin da ke ba da kuɗi su riƙa auna horo da abin da aka tarar a unguwa ranar 1 ga Yuni: magudana nawa aka yashe, gida nawa aka ɗaga wa tushe, wayar wa za ta yi ƙara in Gulbi ya taso. Kowace ƙaramar hukuma kuma ta ware kuɗin shebur, baro, fenti da katin waya a kasafinta tun watan Janairu.

Wassalam.

Wasu malaman gona da ma'aikatan agaji,
Maradi