Kecop a kan nama: a fara tambayar mahauci tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka domin in tsoma baki a gardamar da ake yi a nan Kumasi tun da shagunan boga (gasasshen niƙaƙƙen nama a tsakiyar burodi) suka yawaita, wato ko ya dace a zuba wa nama mai kyau kecop da mayonis. Sunan ma abin dariya ne, domin a garin nan in aka ce boga ana iya nufin mutumin da ya dawo daga Turai da jaka cike, kuma shi da abincin duk daga birnin Hambog na Jamus suka samo suna.

Ni dai a ganina masu gardamar sun bar jaki suna dukan taiki. Yawancin masu malale boga da kecop ba son kecop ɗin ne ya kai su ba, naman ne ya bushe kamar kilishi, suna neman abin da zai taimaka musu su haɗiye.

Shanun da ake yankawa a mayankar Kaase galibi daga arewacin Gana da Burkina Faso da Mali suke zuwa. Ciyawa suka ci, tafiya suka sha, tsokarsu ba ta da kitse sosai. Wanda ya sayi zallar cinya ya niƙa ya gasa, to ya gasa takalmi. Boga tana bukatar kitse kashi ɗaya cikin biyar, kuma Allah ya hore mana abin da shanun Turai ba su da shi, wato tozo. A kilo guda, a nemi giram 700 na kafaɗa ko wuya, giram 300 na tozo, tunda tozon ba zallar kitse ba ne. A sa su a firji su yi sanyi ƙalau kafin niƙa, saboda zafin garin nan yana narkar da kitse a cikin inji, ya shafe tsokar, a kan wuta kuma ya tsiyaye gaba ɗaya. Niƙan ya zama mai ɓarzo-ɓarzo. In babu injin nama, wuƙa mai kaifi da katako sun fi injin markaɗen kasuwa da aka gama niƙa barkono da kifi a ciki.

Kilon zai ba da curi shida, kaurin kowanne kamar santimita 2, a ɗan danna tsakiyarsa da babban yatsa don kada ya kumbura. Gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi ya ishi duka, amma a barbaɗa shi a waje daf da ɗorawa a wuta. In aka cuɗa shi a ciki tun da wuri, yana sa naman ya yi danƙo ya haɗe, a ci a ji kamar roba. Garwashi ya yi ja sosai, kamar minti huɗu kowane gefe, kuma don Allah a daina danna naman da cokali. Ƙarar nan mai daɗin ji, romon ne ke ƙonewa. Niƙaƙƙen nama sai cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin salshiyos, domin niƙa yana kai ƙwayoyin cutar da ke bayan nama har tsakiyarsa. Ja-ja a ciki ba gwaninta ba ce a nan.

To, yanzu kecop. Tumatir ne da binega da sukari da gishiri. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da sukari kusan giram 4, wato cokalin shayi guda. Amfaninsa tsamin nan da ke yanke maiƙo, don haka boga mai tozo tana karɓarsa. Amma cokali ɗaya ne, a shafa a burodin sama, ba a kan nama ba. Wanda ya zuba uku ya sha shayi ne da nama. Haka kuma a kula da burodin: in burodin nan namu mai sukari ne, zaƙi ya riga ya isa, yankan tumatir ɗanye da albasa sun wadatar. Kuskuren da ya fi ɓata rai shi ne shafa kecop a kan nama yana bisa garwashi. Sukarin yana ƙonewa kafin cikin ya nuna, sai a samu baƙi mai ɗaci a waje, ɗanye a ciki.

Mayonis mai ne da ƙwai. Wurinsa burodin ƙasa bayan an ɗan gasa shi, yana hana romo jiƙa shi. Kada kwalbarsa ta wuni a buɗe kusa da murhu. Shito kuwa, wato baƙar miyar barkonon nan ta Gana, duk da son da muke masa, busasshen kifi da jatan landen da ke cikinsa suna danne ƙamshin naman sa. Rabin cokalin shayi a gauraya da mayonis, ya isa.

Akwai wani tsohon shago a New Haven ta Amurka, Louis' Lunch, da ya shahara da ƙin ba kowa kecop, sai cuku da tumatir da albasa. Ban ce mu kai can ba. Amma a kan tsoka sukutum, irin ta gadon baya, ina tare da su. Idan naman ya yi tauri, dalilin sau da yawa shi ne an yanka da asuba an gasa da azahar, lokacin da tsoka ke sandarewa. Maganinsa kwana biyu ko uku a firji mai sanyin da bai wuce digiri 4 ba, in dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya bari, sannan a gasa, a bar shi ya huta minti biyar, a yanka a gicciye da zaren naman. Babu kwalbar da ke yin wannan aikin.

Masu tsire na Aboabo da Asawasi sun daɗe da raba gardamar nan. Dubi yadda mai cicinga, wato mai tsire, yake naɗa balangu: nama a tsakiyar takarda, yaji a ƙudundune a gefe, albasa da tumatir a sama. Mai ci yana dangwala gwargwadon bakinsa, kuma lomar farko tana gaya masa ko naman na yau ne. Wannan na da muhimmanci, domin tsami da zaƙi suna iya ɓoye warin naman da ya fara juyawa.

Roƙona ga masu shagunan boga shi ne su riƙa ba da kecop da shito a ɗan ƙoƙo daban, kuma in mai saye ya tambayi wane ɓangaren sa aka niƙa, ko yaushe aka niƙa shi, a ba shi amsa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi.