Amsa ga Baba Alhaji, daga baƙon da ke maganar kwatar unguwar Nima ta Akara

Assalamu alaikum Baba Alhaji,

Ranar Lahadi ka bugo waya cikin shirinmu na rediyo ka ce mini: kai ɗan Nijar ne, ba ka da ƙuri'a a Gana, me ya kai bakinka siyasarmu, har kake tona asirin zango a gaban waɗanda da ma ba sa ganin mu da gashi? Lokaci ya ƙure ban amsa ba, tambayar dattijo kuwa ba a barin ta a ƙasa.

Gaskiyarka, ba ni da ƙuri'a. Daga Maraɗi na zo. Ranar 7 ga Disamba 2024 a gefen layi na wuni riƙe da rikoda, ban dangwala wa kowa ba. Na kuma san tushen tsoronka. Kana saurayi a 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, kun ga maƙwabta suna sayar da gida da rumfa a wulaƙance. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma Baba, da farko labarin farashin albasa a kasuwar Agbogbloshie ta Akara kawai nake aika wa gida. Kwalarar 2014 ce ta sauya mini hanya, shekarar da ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 240, mafi yawa a yankin Akara. 'Yar maƙwabcina na ɗauka a kafaɗa da tsakar dare zuwa wani asibiti. Babu gado, a kan benci aka ƙara mata ruwa. Allah Ya yi da sauran kwananta.

Daga nan na fara bin sawun ciwon. Gida mai mutum talatin ba makewayi, sai na gwamnati, a bi layi kuma a biya. Wanda ya matsu da dare ya ƙulle a leda ya jefa kwata. Bututun famfo da ya tsage ta cikin kwatar ya bi. Ruwan sama ya sauko, komai ya haɗe. To wa ke da alhakin yashe kwata da kwashe bola? Majalisar yanki, da asambuliman (wakilin unguwa a wannan majalisar), da ɗan majalisarmu na Ayawaso ta Gabas. Ta wannan ƙofar na shiga siyasa. Ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Circle na Akara ranar 3 ga Yuni 2015, inda rai sama da 150 ya salwanta, suka ƙara mini yaƙini.

Akwai abin da ya fi ci mini rai. Tun 2003 aka kafa inshorar lafiya ta NHIS, amma har yau ina haɗuwa da tsofaffinmu da ba su san an ɗauke wa mai shekara 70 da mai juna biyu kuɗin shekara ba, ko cewa ana sabunta kati a waya da *929#. Sanarwa na zuwa da Turanci ko Twi, iyayenmu mata kuwa Hausa suke ji. Asusun raya zango da aka yi wa doka a 2017 ma, na tambayi gwamnatin jam'iyyar NPP ina ayyukansa, yau ta jam'iyyar NDC da ta gaje ta nake tambaya.

Ban manta an harbe ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale a unguwar Madina ta Akara cikin Janairun 2019 ba. A wancan makon mahaifiyata ta kira tana kuka in koma gida. Na zauna, don 'ya'yana nan aka haife su, ruwan famfon nan suke sha tare da jikokinka.

Lahadi mai zuwa mun gayyaci asambuliman kan batun kwatar. Ina roƙon ka zo ka zauna kusa da shi, ka ba matasa labarin 1969 da bakinka, sannan ka tambaye shi yaushe za a yashe ta kafin ruwan Yuni.

A gaida Hajiya da jiki.

Ɗanka,
wakilin rediyo a Nima