Ranar da littafin bashin mahaifina ya ƙone a Taminus

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan shirin da kuka watsa daren Lahadin da ta wuce, inda aka yi muhawara ko ɗan Adam asalinsa nagari ne ko mugu. Na saurara tun daga sallama har rufewa, ina shago ina haɗa lissafin yini, rediyo na kan kanta. Baƙinku sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai na kwana da abin a raina, domin an yi ta ɗebo maganganun masanan Girka da na Turai, ba wanda ya leƙa rumbun da ke tsakar gidanmu.

Ni ba malami ba ne. Ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda da yadi nake sayarwa, sana'ar da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Abin da na sani game da halin ɗan Adam a bakin rumfa na koye shi, kuma karatun ya fara ne a watan Fabrairun 2002, lokacin da gobara ta cinye babbar kasuwar Jos ta Taminus.

Duk wanda ya san kasuwar nan kafin ta ƙone ya san ba ƙaramin wuri ba ne. Rumfarmu na ciki. Da gari ya waye muka je, ba abin da muka tarar sai hayaƙi da ƙarafan da suka lanƙwashe. Kaya sun tafi, wannan kowa ya gani. Abin da mutane ba su gani ba shi ne wani littafi mai baƙin bango da mahaifina ke ajiyewa a durowa, wanda a ciki yake rubuta bashi da ajami: teloli masu ɗaukar yadi sai sun karɓi kuɗin ɗinki su biya, mata masu ɗaukar turamen anko su riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, da ƙananan 'yan kasuwa daga Mangu da Fankshin da Shandam. Shi ma ya zama toka. Dilolin da ke bin mu bashi a Kantin Kwari kuwa, nasu littafin yana Kano lafiya lau. Wato abin da ake bin mu yana nan daram, abin da muke bi ba shi da shaida sai Allah.

Ka tuna wata biyar ke nan kacal da rikicin Musulmi da Kirista da ya ɓarke a Jos ranar 7 ga Satumban 2001. Gari bai gama hucewa ba, kowa na ɗari-ɗari da unguwar da ba tasa ba.

Mahaifina ya shimfiɗa buzu a zaure yana karɓar jaje. A mako na biyu, da hantsi, sai ga wata dattijuwa Kirista daga wajen Anguwar Rukuba, wadda ke ɗaukar wa zumuntar matan cocinsu anko a wurinmu. Ita kaɗai ta zo, a ƙafa. Bayan sun gaisa ta durƙusa, ta kwance haɓar zanenta, ta fito da kuɗi a cukurkuɗe, har yau ina jin ƙanshin daddawar da ke jikinsu. Ta miƙe su ɗaya-ɗaya a kan gwiwarta, ta ce, "Alhaji, turmi shida ne. Ga kuɗin huɗu, saura kuɗin biyu sai ƙarshen wata." Mahaifina ya ce, "Mama, ai littafin ya ƙone." Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Naka ne ya ƙone, nawa yana nan." Ko ruwa ba ta tsaya sha ba, wai tana son ta koma kafin rana ta yi.

Kwana biyu bayan nan wani yaro tela, almajiri ne ma a da, ya ɗauko kan kekensa a ka ya kawo, wai a riƙe jingina tunda ba shi da kuɗi a hannu. Mahaifina ya ce ya mayar da abinsa, in an riƙe keke da me zai yi ɗinkin da zai biya?

Sannan ga wani mutum da suke sahu ɗaya da mahaifina a masallaci shekara da shekaru, sun ci tuwo akushi ɗaya ba sau ɗaya ba. Shi ne ya fi kowa nauyin bashi. Da aka yi masa tuni a hankali, cewa ya yi a kawo masa a rubuce. Haka kuma wani ɗan kasuwa mai zuwa coci, wanda kullum sunan Allah ke bakinsa, tun daga ranar gobara ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Na faɗi duka huɗun ne don kada wani ya ɗauki wasiƙar nan ya mai da ita sanda.

Lokacin ina da ƙuruciya da zafin kai. Na ce wa mahaifina ɗan Adam butulu ne, daga yau ba mu ba ba da bashi. Ya dube ni ya ce, "Mutum tara yake bai cika goma ba. Kai ɗayan da ya rasa kake kallo, ni taran nake kallo." Da ya sake kafa rumfa, abin da ya fara saye sabon littafi ne.

Malam Edita, a nan nake ganin shirinku ya yi tuya ya manta da albasa. Bahaushe bai tsaya gardamar ko mutum nagari ne ko mugu ba, domin ya riga ya faɗi duka biyun kuma bai ga sun ci karo ba. Bakin da ya ce mutum rahama ne, shi ne ya ce ɗan Adam mai wuyar gane hali. Ya ce alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, ya kuma ce tsintacciyar mage ba ta mage. Wanda bai zauna da mutane ba zai ce magabata sun rikice. Ba su rikice ba, sun dai daɗe a kasuwar duniya. Tambayar da ta dame su ita ce, ta yaya ake gane mutum? Amsarsu kuma a gajarce take: ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A gidanmu miya ta ƙare a 2002, muka kuwa san su.

Ba daga iska suka ɗauko wannan ba. Alƙur'ani mai girma a Suratul Isra'i ya ce Allah ya karrama 'ya'yan Adam. A Suratul Ma'arij kuma ya ce an halicci mutum mai raki, in sharri ya shafe shi ya yi ta kuka, in alheri ya same shi ya yi rowa, sai dai masu sallah. Abin da nake so mai sauraro ya lura da shi, ayoyin ba su tsaya a nan ba. Sun ci gaba da siffanta masu sallar, suka ce su ne waɗanda a dukiyarsu akwai haƙƙi sananne na mai roƙo da wanda ya rasa, kuma su ne masu tsare amanarsu da alƙawarinsu. Ashe sallar da ke warkar da raki da rowa ita ce wadda ta biyo mutum har bakin rumfa.

Malamai kan kawo labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da wani ya zo yana shaidar wani mutum da kirki. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, ya ce a'a. Ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ko dinari da dirhami sun taɓa haɗa su, ya ce a'a. Sai ya ce masa wataƙila dai ya gan shi ne a masallaci yana ruku'u yana ɗagowa, to bai san shi ba. Maƙwabtaka, tafiya, kuɗi. Ko yau a Jos ban san wani ma'auni da ya fi wannan ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mun ajiye wannan ma'auni mun ɗauki wani. Bayan 2001 aka yi 2008, aka yi Janairun 2010, kowane rikici ya ƙara tsaga garin. Mutane suka sayar da gidajen da aka haife su a ciki suka koma inda nasu suka fi yawa. Yau yaro zai tashi a Anguwar Rogo ko Gangare, wani ya tashi a Tudun Wada ko Jenta, su kai shekara ashirin ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya ba. Sai ya zama ana auna mutum da sunansa da unguwarsu tun kafin ya buɗe baki. Yaron da bai taɓa maƙwabtaka da wani ba, bai yi tafiya da shi ba, kuɗi bai haɗa su ba, da me zai san shi in ba da abin da aka gaya masa ba? Ɗana na fari bai ga dattijuwar nan ba. Labarinta kawai yake ji a bakina, kuma ina lura da fuskarsa, kamar tatsuniya nake yi masa.

Amma ba tatsuniya ba ce, kuma ba a kanta aka ƙare ba. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya ɓoye mutum sama da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya ƙi miƙa su ga maharan da suka biyo su. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Ni ma gwaggona a gidan wani maƙwabcinta Kirista ta kwana uku a 2001, matarsa ta ɗaura mata nata zanen ta ce ƙanwarta ce. Tsofaffin Jos kowa yana da irin wannan labari a cikinsa, suna ta mutuwa da shi ba a ɗauka ba.

Kada kuma a ce sai ranar tashin hankali ake gane hali. Kullum ana jarraba shi a mudu da sikeli da awon yadi. Sura guda aka saukar, Muɗaffifina, da ta buɗe da azaba ga masu tauye awo. Wani abokin cinikina fasto ya taɓa buɗe mini Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa tun 1932, ya nuna mini cewa akwai littafi a ciki da sunansa ma Karin Magana, kuma farkon sura ta 11 yana cewa ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. To ga masallatai cike ranar Juma'a har kan titi, ga coci-coci cike ranar Lahadi, amma ga mudu mai bugaggen gindi, ga kwandon tumatir na kirki a sama ruɓaɓɓe a ƙasa. A sana'ata ma akwai masu cin rabin taƙi a kowane yadi, da masu sayar da ta jabu da sunan ta asali har da rantsuwa. Wannan ya fi damuna fiye da kowace gardamar falsafa, domin yaran shago suna kallo, kuma abin da suka ga maigida na yi shi suke ɗauka addini ya yarda da shi.

Garin nan ba baƙon hikima ba ne. A nan Ɗan Maraya ya rayu, haifaffen Bukur, har Allah ya karɓi abinsa a 2015. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa lokacin da mawaƙa ke bin sarakuna da attajirai, ya yi a kan auren dole, ya yi a kan mai akwai da mai babu. Duk wanda ya saurare shi da kunnen basira ya san mutumin nan nazarin ɗan Adam yake yi, a tasha da kasuwa da ɗakin aure. Kafin shi da nisa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun malamai mata da ake kira jaji, na ƙungiyarta ta 'Yan Taru, saboda ta san abin da aka rera ya fi zama a zuciya. Har wani Bature, Kirk-Greene, ya yi nazarin da aka buga a 1974 a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duba su da kyau, Malam Edita. Babu ko ɗaya da ake ganewa daga sunan mutum ko rigarsa ko unguwarsu. Sai an zauna da shi.

Shi ya sa nake roƙonku abu guda. A cikin awannin da kuke ba siyasa da raddi, ku tsakuro rabin awa a mako ku ba wannan rumbu namu. A ɗauki karin magana ɗaya ko baiti ɗaya, a zauna a kansa. A gayyato malami da fasto, amma kada a tsaya a kansu. A kira mai awo daga Katako, da mai gwari daga Farar Gada, da direban Bauchi Road, da ungozoma, da tsohon leburan kuza in akwai sauran mai rai, kowa ya faɗi ranar da maganar ta tabbata a kansa. A yi da Hausar da Birom da Afizare da Anaguta da Ngas da Bafulatani da Bahaushe duk suke ciniki da ita. A kuma sa shi bayan sallar isha'i, lokacin da yara ke gida, a ɗora a Facebook da WhatsApp saboda waɗanda ba sa kunna rediyo.

In kun fara, ni zan zo da littafin da mahaifina ya saya bayan gobara, yana nan a durowata. Da hannunsa ya buɗe shafin farko da sunan dattijuwar nan, turmi biyu, ga kuma layin da ya ja a kai ranar da ta cika alƙawari a ƙarshen wata.

Na gode da wannan fili. Allah ya zaunar da Filato lafiya.

Mai sauraronku a kullum,
wani ɗan kasuwar atamfa daga Gangare, Jos.