A Daina Ɗaukar Hoton Mabuƙata Ba Da Izininsu Ba

Ya Edita,

Ka ba ni dama in yi tsokaci kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda har yanzu tasirinta bai iso titunanmu ba.

Duk watan azumi, masu rabon abinci kan ɗauki hoton zawarawa da almajirai su watsa a Facebook da TikTok. Wanda yunwa ta tsayar a layi ba shi da bakin cewa a'a, don haka shirunsa ba yarda ba ne. Almajiri kuwa yaro ne, iyayensa na can ƙauye. Wa aka tambaya?

Ina kira ga hukumar da dokar ta kafa da ta gindaya wa ƙungiyoyin agaji sharaɗin neman izini tukuna. In bai samu ba, a ɗauki hoton buhunan, a rufe fuskokin mutane.

Wani mai karatu, Kano