Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga mambobi: tsaron ma'aikatan agaji

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Bana kwamitin zartarwa ya fi mayar da hankali kan direbobi, ungozomomi da 'yan sa kai masu aikin kwantiragi, domin su ne ke bin hanyar Monguno da Dikwa a mota. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe ma'aikatan agaji 383 a duniya a 2024, adadi mafi yawa da aka taɓa samu, kuma akasarinsu 'yan ƙasa ne masu aiki a cikin al'ummarsu. Mu a Borno ba sai an ba mu labari ba. Mun rasa ungozomomi Saifura Khorsa da Hauwa Liman, waɗanda aka sace a Rann aka kuma kashe su a 2018, an kuma kashe wasu biyar a Yulin 2020.

Mun karɓi takardun kwantiragin mambobi mun duba su ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka gani ya tayar mana da hankali: da yawa babu inshora, babu maganar diyya, babu ko layi ɗaya kan abin da iyali za su samu idan aka sace mutum. Muka rubuta wa ƙungiyoyin da abin ya shafa, muka kafa hujja da ƙuduri mai lamba 2730 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare ma'aikatan agaji, na watan Mayun 2024, wanda ya ambaci ma'aikata 'yan ƙasa ƙarara. Wasu sun gyara. Wasu suka ce kuɗi ya ƙare tun da Amurka ta zaftare tallafinta a farkon shekara. Mun san gaskiya ne, abokan aikinmu da dama sun rasa aiki, amma ba mu yarda a fara tsimi daga kan ran direba ba.

Mun yi horo kan taimakon gaggawa da yadda ake magana a shingen bincike. Mun kuma nanata cewa ma'aikaci na da ikon ƙin tafiyar da hankalinsa bai kwanta da ita ba, ba tare da an sallame shi ba.

Ranar 19 ga Agusta, Ranar Jinƙai ta Duniya, mun yi addu'a tare da iyalan mamatanmu, Allah ya jiƙansu.

Asusun marayu ya yi ƙasa sosai. Muna roƙon masu bashin kuɗin wata su biya kafin babban taro, inda ma'aji zai karanta lissafi.