Barka da Sallah daga Brussels

Brussels, daren Babbar Sallah, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Umma, barkanku da Sallah. Allah ya karɓi layyarku, ya maimaita mana, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Auta, na san kai za ka karanta musu, to ka bi a hankali, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Ƙarfe tara da rabi na dare ne a nan, amma wallahi rana ba ta faɗi ba. Ku kun yi isha'i har kun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mu ko magariba sai wajen goma saura. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ganin wannan abu duk bazara, har yau idona bai saba ba.

Lafiyarmu ƙalau, ni da maman Abba da shi Abban. Mun yi Idi da safe a wani masallaci da a da ɗakin ajiyar kaya ne. Saboda ƙarancin wuri, sau uku ake sallar: wasu su fito, wasu su shiga. Yawancin jama'ar 'yan Maroko ne, sai mu baƙaƙe jefi-jefi, 'yan Gini da 'yan Nijar. Da muka fito sai ga gari yana harkarsa kamar kullum, motocin haya cike da masu tafiya aiki, shaguna a buɗe, don a nan ba hutu ba ne. Babu ganga, babu yara da sababbin ɗinki suna yawon Sallah. Na naɗe babbar rigata na sa a jaka na koma bakin aiki a Heyvaert, inda muke shirya tsofaffin motocin da ake kaiwa Kwatano ta tashar ruwan Antwerp. Can ne ma na ɗan ji daɗi, don mutanen Tawa da Damagaram da muke aiki tare sun dafa shayi a bayan gareji, muka yi ta barka da Sallah da Hausa har zuciyata ta yi sanyi.

Batun layya kuwa, Baba, da za ku gani da kun yi mamaki. Ba a yanka a gida, doka ta hana. Tun 2019 yankunan Flanders da Wallonia suka ce ba za a yanka dabba ba sai an fara sumar da ita. Brussels ce kaɗai majalisarta ta ƙi amincewa da hakan a 2022. To ko a nan ɗin, sunanka za ka rubuta wurin mahauci, ka biya, a ba ka lamba. Ragon da ba ka taɓa gani ba, ba ka duba haƙoransa ba, ba ka shafa bayansa ba, shi za a miƙo maka jibi a kwali, an yayyanka shi tsaf, babu fata, babu ƙaho. Duk yinin yau kasuwar Zango nake tunawa, da yadda kuke kama wuyan rago ku yi shiru kuna jiran dillali ya gaji da surutu kafin ku yi tayi.

Amma Umma, abin da ya fi tsaya mini a rai suyarki ce. Na san yanzu ragon yana rataye a zaure zai kwana, an riga an ci kayan ciki da rana. Gobe tun da hantsi za a kafa murhu, a ɗora babbar tukunyar nan mai baƙin gindi, ki zuba naman da gishiri da citta da albasa, ya tsotse ruwansa da kansa, sannan kitse ya narke ya fara soya shi. Ina jin ƙarar nan a kunnena, lokacin da tafasa ta koma suya. Ina ganinki a kan kujera 'yar tsuguno, kin ɗaure kai, kina juyawa da doguwar matsama, hayaƙi yana sa ki hawaye amma ba za ki ba kowa ba. Can gefe yara suna babbake kai da ƙafafu, ƙauri ya cika layi. Ga ɗan guntun nan mai kitse da kike tsamowa ki hura ki miƙo mini ta bayan Yaya don kada ta gani. Bara maman Abba ta gwada yin suyar a ɗan kicin ɗinmu da ke hawa na huɗu. Hayaƙi na tashi na'urar gobara ta kama ihu, maƙwabta suka fito, dole muka sauke tukunya muka buɗe tagogi. Ta zauna ta yi kuka, ni ma ban iya ce mata komai ba.

Abba yana da shekara takwas bai taɓa shaƙar wannan ƙamshin ba. Yau da na ɗauko shi daga makaranta, a hanya ya tambaye ni da Faransanci, wai shi ɗan ina ne. A ajinsu an ce masa ɗan Najeriya, a waya kuma 'yan'uwansa suna kiransa Bature. Na rasa amsar da zan ba shi, sai na ba shi labarin Vincent Kompany, ɗan ƙwallon nan na Beljiyam, tunda hotonsa ne manne a kan gadonsa. Bari ku ma in ba ku, don tun ɗazu shi nake juyawa a zuciya.

Auta ya san shi sarai, amma ku ba ku san mahaifinsa ba. Sunansa Pierre, mutumin Kwango ne. Yana ɗalibi aka tsare shi saboda adawa da mulkin Mobutu, a 1975 ya iso ƙasar nan a matsayin ɗan gudun hijira, ya yi tuƙin tasi yana karatun injiniya. Ya auri 'yar ƙasa, aka haifi Vincent a 1986, ya tashi a dogayen benayen da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Arewa, unguwar talakawa da baƙi irinmu. Ina bi ta wurin kusan kowane mako, kuma ba na wucewa ban ɗaga kai na dubi tagogin ba. Wannan direban tasin, a 2018 aka zaɓe shi magajin garin Ganshoren, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a duk Beljiyam. Wani dattijo ɗan Kwango da muke aiki tare, duk lokacin da ya zo nan a labarin sai muryarsa ta yi rawa.

Shi kuwa Vincent ya fara buga wa manyan ƙungiyar Anderlecht wasa a 2003 yana da shekara 17, ɗan baya ne, dogo. Filinsu tafiyar ƙafa ce daga gidanmu, ranar wasa unguwa takan cika da masu riga shunayya. Baba, ƙungiyar da Stephen Keshi ya buga wa ke nan, ita ce kuma ta ɗauki Celestine Babayaro ɗan Kadunanmu kafin ya wuce Chelsea. Akwai kyautar takalmi da ake ba gwarzon ɗan wasa mai jinin Afirka a ƙasar nan. Wanda ya fara cin ta a 1992 Daniel Amokachi ne, naku na Ranchers Bees, lokacin yana Club Brugge. Babayaro ya ci a 1996, Kompany ya ci sau biyu, 2004 da 2005. Da na faɗa wa Abba cewa kakansa ya kalli Amokachi da idonsa tun bai zo Turai ba, sai ya miƙe zaune.

Daga nan Hamburg a 2006, inda rauni ya yi ta damunsa, yana can kuma mahaifiyarsa ta rasu. A 2008 ya koma Manchester City, 'yan kwanaki kaɗan kafin Larabawan Abu Dhabi su sayi ƙungiyar. Shekara goma sha ɗaya ya yi, ya zama kyaftin, ya ɗaga kofin Firimiya sau huɗu. Auta, ka tuna daren nan na 2012 a gidan kallon bakin titi, da ya tashi sama ya sa wa United ƙwallo da ka dab da hutun rabin lokaci? Kana ɗan ƙaraminka ka haye benci har ya karye, na biya kuɗin gyara ban gaya wa Baba ba sai yau. A shekarar suka ci kofin da suka yi shekara 44 suna nema. Sai ta Leicester a watan Mayun 2019, daren farko na azumi. Ina wani shagon shayi na 'yan Maroko, ban daɗe da shan ruwa ba, mutumin da ba a san shi da harbi daga nesa ba ya ɗaga ƙafa ya ɗirka ta can saman kusurwa. Shi da bakinsa ya ce abokan wasansa ihu suke masa kada ya buga. Kafin in zauna wayata ta yi ƙara, kai ne, ba ka ma yi sallama ba sai kururuwa. Da maki ɗaya suka tsere wa Liverpool.

Abin da ya fi burge ni dai ba kofunan ba ne, aikin kocin ne, don a nan ya sha ƙasa a idon duniya. Ya dawo Anderlecht a 2019 yana wasa yana horarwa, wasa huɗu na farko ba su ci ko ɗaya ba. Ina nan, na ji abin da ake faɗa a kansa a motar haya da wurin aski, har da waɗanda jiya suke rantsuwa da shi. A 2020 ya rataye takalma ya riƙe horarwa kaɗai, ya kai su na uku, ya kai su wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 2022, Gent ta doke su a bugun fenariti. Ya tafi Burnley a Ingila, ya fito da su daga gasar 'yan dagaji da maki 101, kowa yana yabo. Kaka ta gaba a Firimiya wasa biyar kacal suka ci cikin 38, suka koma inda suka fito da maki 24. Ni a ganina ya yi taurin kai a wannan shekarar: ya nace sai yaransa sun fara ba-ni-in-ba-ka tun daga gaban ragarsu, alhali ba su da ƙafar yin haka a gaban manya. Sau da yawa na kashe talabijin don haushi. Amma ko sau ɗaya ban ji ya jefa laifin a kan yaran ba.

Ba a yi wata ɗaya da faɗuwarsu ba Bayern Munich ta ɗauke shi, bayan manyan kociyoyi irin su Xabi Alonso da Ralf Rangnick sun ƙi zuwa. Aka yi ta dariya, wai an ba wanda ya kasa riƙe akuya kiwon raƙumi. To watan jiya ya ci musu gasar Jamus da maki 82, har Harry Kane ya samu kofinsa na farko a rayuwa. Al'adarsu a can, giya suke kwarara wa kocin a ka daga wasu manyan kofuna, Allah ya kyauta. Auta, kai da kake cewa boko da ƙwallo ba sa haɗuwa, mutumin nan yana kyaftin ɗin City ya yi digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma yana jin Faransanci da Turanci da Jamusanci da harshen Holan. Ina jiran sakamakon jarrabawarka.

Da na gama, Abba ya ce to shi ma haka zai zama. Na yi murna ƙwarai, Baba, don na ga ɗan baƙo yana iya tsayawa da ƙafarsa a ƙasar nan har a yi alfahari da shi. Sai kuma wani abu ya tokare ni a ƙirji. In Allah ya ɗaukaka shi a nan, nan ce za ta zama gidansa, ni kuwa Tudun Wada nake so ya riƙa kira gida. Hausarsa tana nan dai, yana ji, amma in zai amsa sai ya tsaya nema. Ɗazu na ce masa gobe ake suya, ya ce mece ce suya. Mun yanke shawara da mamansa, in Allah ya yarda Sallar baɗi a gabanku za mu yi ta, ko da bashi ne.

Umma, angonki yana gaishe ki, ya ce ki ajiye masa goron Sallarsa. A gaida Gwaggo, a gaida ta, a ƙara gaida ta. A ce mata hular da ta saƙa wa Abba ta yi masa kaɗan amma ya hana a bayar, kuma ina nan ina neman maganin gwiwar da ta ce, kada ta riƙa tsugunawa wurin wanke tumbi, akwai yara. Ban manta daren da zan taho ba, da ta kira ni ɗakinta ta ƙulle mini kuɗin adashenta a bakin zane ta ce kada in faɗa wa kowa. A gaida Yaya da maigidanta da yara, Allah ya raya jaririyar, a turo hoto. A gaida Kawu. A gaida Baba Ƙarami da iyalinsa, da Malam Liman, a ce masa ya sa mu a addu'a. A gaida mai shayin bakin layi, har yau ban sha mai kauri irin nasa ba. Da duk wanda ya tambaye ni.

Kada a wahalar da kowa da kawo mana soye, ba a barin nama ya shigo ta filin jirgi, ƙwacewa suke. Yaji dai da kuka da daddawa, in an samu mai tahowa. Auta, gobe in an ɗora tukunya ka kira ni ta bidiyo, ka matso da wayar kusa yadda za a ji ƙarar man. Asabar ce, Abba yana gida, zan zaunar da shi ya gani.

Ga kiran magariba nan a waya. Wassalam.

Ɗanku mai kewarku.