Kada ka sake shiga ƙarƙashin motar nan a kan jak

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan sai godiyar Allah.

Ƙanwarka ta faɗa wa mahaifiyarku, ita kuma ta faɗa mini, wai motarka ta soma yin wani "gwaram" duk sanda ka tayar da ita, kuma ka ce da kanka za ka gyara. Ban hana ka ba. Amma tunda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, ga shi a rubuce.

Kafin ka ɗauki sufana, ka kasa kunne ka gane lokacin da ƙarar take zuwa. In ka murɗa makulli ka ji "kat-kat-kat" injin bai juya ba, kada ka ɗora wa kik, wato na'urar da ke murɗa injin ya tashi, laifi tukuna. Duba kawunan batir, ko sun yi farin gari ko sun yi sako-sako, ka kankare ka ɗaure. Lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6 a mita in mota tana kashe, in kuwa ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da ake murɗawa, ya gaji. In ƙarar tana zuwa daidai sanda kik ya kama, ƙarfe na dukan ƙarfe ko yana gurzarsa, to ko notocin da ke riƙe da kik sun kwance, ko haƙoransa sun cinye, ko na babban faifan da yake juyawa a bayan injin. Ka yi fatan kik ne, don faifan nan ba a kai masa sai an sauke giyabos, kuma duk murɗawar da ka ƙara, ƙara cin sa kake yi.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga injin sit, wato robar da injin yake zaune a kai. Motar ta kwana biyu, roba kuwa dole ta gaji. Buɗe bonet, ja birkin hannu, wani ya tayar kai kana tsaye a gefe kana kallo. Injin ya ɗan motsa ba komai ba ne. In ya yi tsalle ya dawo da duka, robar ta tsage, in kuma kana jin irin wannan dukan wajen sa giya ko ribas, magana ta ƙare. Salansa ma in ta kwance tana yi, bari ta huce ka girgiza ta da hannu. Baƙin mai kuwa, shi za ka fara dubawa. In bugun daga cikin injin yake fitowa yana bin juyinsa, ko fitilar mai ta ƙi mutuwa, kashe motar nan take ka nemo makanike.

Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Ƙanwarka ta ce ta tarar da kai kwance a ƙarƙashin motar, ƙafafunka kawai ake gani, ba abin da ke riƙe da ita sai jak ɗin canjin taya. Kai! Da hankalinka, da 'ya'yanka? Ƙaramar mota ma ta kai wajen tan guda. Jak an yi shi ne don ɗagawa, ba don riƙewa mutum yana ƙasa ba. Noti ya cije ka fizga da ƙarfi, motar ta gusa kaɗan, shi ke nan. Kuma kik da injin sit da salansa, yawanci duk ta ƙasa ake kai musu, na san can za ka koma. Kai ne za a ba labarin abin da ya sa kawunka yake tafiya yadda yake tafiya? Kana tsaye a ƙofar gida ranar da aka kawo shi. Har yau mahaifiyarku tana cewa na yi maka tsanani ranar da na fizgo ka ta ƙafa a gareji, ka yi kwanaki ba ka kallona. Ko yau na gan ka a haka, abin da zan yi ke nan, ko a gaban matarka ne.

In ba makawa sai ka shiga, ka kai ta inda akwai rami, ko ka samo ƙarafunan nan na tokare mota, ka kafa su a ƙasa mai tauri wadda ba gangare. Ban ce bulo ba, bulo fashewa yake yi ba sallama. Tokare tayoyin da ke ƙasa, ka tura wadda ka cire ƙarƙashin motar, ka girgiza ta da kyau kafin ka kwanta. Kada ka yi kai kaɗai a gida. Kafin ka taɓa kik, cire kan batir na nagetif, don wayar nan mai kauri da ke zuwa kik kullum da wuta a jikinta ko makulli yana aljihunka. Zobe da agogo ma ka ajiye su. Injin sit kuwa ba a kwance shi sai an tallafe injin, wannan aikin ka bar wa mai kayan aiki.

Na san kana da hannu, tun kana ƙarami na gani, kuma ina jin daɗinsa ko da ban cika faɗa ba. Gobe da safe, kafin injin ya yi zafi, ka kira ni ka kara wayar kusa da bonet wani ya tayar, in ji da kunnena.

Ka gaishe da matarka da yaran. Mahaifiyarku ta ce ka kira ta ita ma. Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka